Inda Ruwan Alwalar Iya Yake Tafiya

Abin da na fara gani ranar da aka kawo ni gidan Iya a Wudil ba ɗakuna ba ne, ba kuma mutanen da suka fito tarbata ba. Wata 'yar jiƙaƙƙiyar ƙasa ce a gindin bishiyar lemon tsami, an zagaye ta da tsingaron tulu. Ko'ina a tsakar gidan a bushe yake ƙayau, sai wurin nan kaɗai, baƙi wuluk, da sawun kaza guda biyu a kai. A lokacin ni yarinya ce mai kunya, idona kullum a ƙasa, shi ya sa na riga kowa sanin ƙasar kowane gida. Babana ne ya ɗauko ni a keke daga Darki, da ɗan akwatina ɗaure a baya, domin a sa ni makarantar boko. Shekarun nan ne da gwamnati ta ce kowane yaro ya tafi makaranta. Iya kuwa kakata ce, ita ta haifi mahaifiyata.

"To, ƙawata," in ji Iya, "ƙasar gidana kika zo gani ko ni?"

Aka yi dariya. Ni dai na ƙara sunkuyar da kai.

Abin da ya tayar mini da wannan tunani shi ne zuwan da na yi gidan kwanakin baya. An daɓe tsakar gidan da siminti tun daga ƙofar gida har bakin bayi. In ka yi alwala, ruwan zai bi wani ɗan rami ya shige bututu, ba za ka sake jin labarinsa ba. Jikokin kawuna suna shan ruwan leda daga firiji, suna yar da ledar inda suka ga dama. Ban ce zamaninsu ya fi namu muni ba, don sun huta da jan guga, kuma na san abin da igiya take yi wa tafin hannu. Amma na tsaya a tsakiyar simintin nan da rana, zafi yana dukan ƙafata ta cikin takalmi, sai na ji ina neman wurin da ya jiƙe.

A zamanin da nake faɗa, gari ya fara cika da sababbin abubuwa. Kuɗin mai sun shigo ƙasa. Samari suka sayi babura da rediyo mai kaset, manyan motoci ɗauke da siminti suna wucewa ta kan gada suna canja giya, ƙararsu har cikin ɗaki. Ranar Juma'a shanu suna cika hanya saboda kasuwa, ƙanshin soyayyen kifi yana tasowa daga bakin titi. Amma a cikin gidan Iya komai yana nan yadda yake. Da asuba ƙarar murfin randa ce take tashe ni. Aikina shara, da wanke kwanuka, da cika mata buta. Sau biyar a rana Iya takan ɗauki 'yar kujerarta ta ajiye a gindin lemon nan ta yi alwala, ruwan ya zuba a cikin zagayen tsingaron. Ruwan wankin gero ma can yake zuwa. Ruwan sabulu ne kawai ba a yarda ya kusanci wurin ba.

Akwai doka guda a gidan, ba wanda ya faɗa mini ita da baki, amma na gane ta a makon farko. Ba a tsinkar ganyen lemon nan. Ko maƙwabciya ce ta zo neman ganye don surace, Iya za ta aike ni wani gida in samo mata. Akuya kuwa in ta matsa kusa, sai ta sha muciya.

Dalilin na ji shi daga bakin ƙanen Iya, wanda muke kira Baba na Lambu. Yana da lambu a bakin kogi, yana ban ruwa da jigo, lokacin da maƙwabtansa suka fara sayen inji. Shi yake kirana amaryarsa, yana cewa ya gaji da jiran in girma. Wata rana na kai masa abinci, ina zaune ina jin kukan jigon, sai ya ce, "Kin san wa ya dasa lemon gidanku? Uwarki ce. Da ta zo jinya, bakinta ba ya son komai sai tsami. Ta ce in kawo mata ɗan dashe. Da kanta ta haƙa ramin, tana yi tana hutawa. Ta ce in ya yi 'ya'ya a matsa miki a koko." Ya saki igiyar jigon ya share fuska. "Ba ta ga ko furensa ba. Allah Ya ji ƙanta."

Mahaifiyata 'yar fari ce a wurin Iya. Mutanen wancan zamani ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna suna sonsa a gaban mutane, in ya rasu ma sai su haɗiye kukan. Tun da nake, ban taɓa jin Iya ta ambaci sunanta ba, ko ta ba ni labarinta. In magana ta kama dole, sai ta ce "waccan yarinyar", ta kau da kai. Da na ji maganar Baba na Lambu sai na gane inda Iya take kai abin da ba ta iya faɗa. Tana zuba shi ne a gindin lemon, sau biyar a rana.

Ni kuma wani abu daban ne ya dame ni. Ina ruwan yake tafiya? Buta guda da asuba, kafin azahar wurin ya sha iska. Na taɓa tona gefe da tsinke in ga ko yana taruwa a ƙasa, ban ga komai ba. Na yi kwanaki ina juya tambayar kafin na iya fitar da ita.

"Iya, ina ruwan yake zuwa?"

"Bishiyar ce take sha mana."

"To ai ba ta fitsari."

Iya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe bakin nan yana buɗewa! Ke dai cika mini buta. Sama take mayar wa Mai shi."

Na ɗauka wasa take yi, irin na kaka da jika. Sai da aka kawo mana wani sabon malami, matashi, mai wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu. Ajinmu ya cika har wasu suna zama a taga, don haka yakan fitar da mu gindin darbejiya. Wata safiya ya zo da ledar burodi guda biyu. A lokacin leda abin marmari ce, ana wanke ta a shanya a adana. Ya zura reshe mai ganye a cikin ɗaya ya ɗaure bakin da zare. Ya zage ganyen wani reshen tas, ya ɗaure masa ɗayar. Ya ce kowa ya taɓa ya tabbatar a bushe suke. Da za a tashi muka koma. Ledar reshen da aka zage tana nan yadda take. Ɗayar kuwa ta yi gumi daga ciki, har ruwa ya taru a kusurwarta kamar cikin cokali.

"Wa ya zuba?" in ji Malam.

Wani ya ce aljanin darbejiya ne, aka yi ta dariya. Malam ya ce ba aljani, bishiyar ce. Ya ce saiwa tana tsotsar ruwa daga ƙasa, ruwan ya hau ta wasu siraran hanyoyi a cikin itacen, waɗanda suka fi gashi siranta, har ya kai ganye. A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwan yake fita ya bi iska kamar tururi. Wanda ya fita shi yake jawo na bayansa, kamar dai yadda ake jan guga, in hannu ɗaya ya saki igiya ɗayan ya riga ya kama. Ya ce rana da iska su suke ƙara saurin fitarsa, kuma da haka ganye yake samun sanyi, yadda randa take tsatsafo ruwan cikinta ya yi sanyi. Shi ya sa inuwar bishiya ta fi ta kwano daɗi.

Ni ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Amma duk hanyar gida ina kallon bishiyoyi, ina ganin kamar kowacce rijiya ce a tsaye. Ashe Iya ba wasa take yi ba. Na so in gaya mata, na kasa. Na zauna dai a gindin lemon ina juya ganye ina leƙen bayansa, ko zan ga ƙofar.

A bazarar shekarar lemon ya yi fure karo na farko. Farare, ƙanana, ƙanshinsu har zaure. Na lura alwalar Iya ta ƙara tsawo. A makon ne kuma masu awo suka zo da wani abu mai ƙafa uku da gwangwanin jan fenti. Za a faɗaɗa hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu. Suka shafa jan fenti a katanga, suka kafa turke a tsakar gida. Zaure zai tafi, da rabin tsakar gidan. Lemon yana cikin abin da zai tafi, da taku biyu kacal. Kawuna da yake aiki a Kano ya zo a sabon babur ɗinsa, ya ce alheri ne, gida zai koma bakin titi, har kanti za a iya fitarwa. Ya ce lemo kuwa zai sayo wa Iya guda goma na zamani.

"Ka sayo wa kanka," in ji Iya. Ta aike ni kiran Baba na Lambu.

Ya zo bayan la'asar da magirbi da tsohon buhu. Ya zagaya bishiyar, wadda tsayinta bai wuce na Iya da hannu a ɗage ba, ya yi tsaki a hankali.

"Yaya, mummunan lokaci ne. Da damina ce, da sauƙi. Amma za a gwada. Sai dai a rage ganyen, a bar kaɗan a kan rassa. Furen ma duk a zubar."

"A zubar da me?"

"Haka ake dashe, Yaya. Ko albasa za ki dasa sai kin datse mata kai."

"Wannan ba albasa ba ce."

"Na sani. Amma saiwar za ta yanke, ba yadda za a yi. In kin bar mata kayan nan duka a ka, ba za ta iya ɗauka ba."

"Ka yanke ta ta ƙasa, ka kuma tsige ta ta sama? Me ya rage? Ka ɗauke ta yadda take. Ruwa take so, kuma ina da hannu."

Baba na Lambu ya ɗauki magirbinsa. Mutum ne da duk bakin kogi ake tambayarsa ranar shuka, amma a gaban yayarsa ƙane ne, da furfurarsa da komai. Ya dube ni ya ce, "Amarya, kin ga irin gidan da zan auro ki daga ciki ko?" Ba wanda ya yi dariya. Ya haƙa zagaye mai faɗi, ya ɗago ta da ƙasarta, ya naɗe da buhu. Ina jin ƙarar saiwoyin suna tsinkewa, ɗaya bayan ɗaya. Aka kai ta bayan ɗakin Iya aka dasa, ni na kwaso tsingaron na sake jera su yadda suke.

Washegari da safe lemon yana nan kore shar, Iya har da cewa a gaya wa mai lambu ya zo ya gani. Kafin azahar ganyen suka sunkuya. Rana ta biyu suka fara naɗewa, furanni suna zubowa da kansu. Iya ta bar buta ta koma tulu. Ta yi ta zubawa har gindin ya zama taɓo, ruwa ya kwanta ya ƙi shiga. Ta daina cin abincin kirki. Ta ajiye kujerarta a wurin ta zauna, carbi a hannu amma ba ya motsi. Baba na Lambu ya leƙo, ya murza ganye ɗaya tsakanin yatsunsa, ya ce a hankali, "Kwana biyu suka rage mata, ko uku." Iya ta yi kamar ba ta ji ba. Ya kafa mata zana ta gefen yamma don inuwa, ya tafi.

Ni na san abin da yake faruwa, kuma sanin ya yi mini nauyi. Ƙofofin nan suna sama suna sakin ruwa, igiyar kuma an yanke ta a ƙasa. Baba na Lambu ya san haka da hannunsa, Malam ya san shi da alli, amma ba wanda zai iya gaya wa Iya. Ni kuwa ko gishiri aka aike ni aro, sai na tsaya a ƙofar gidan mutane ina haɗa kalmomin.

Rana ta uku da sassafe, Iya tana wanka, na buɗe kwallar da take adana ledojin burodin da kawu yake kawowa, wankakku, a ninke. Na zari biyu. Wannan ce satata ta farko. Na ɗaure ɗaya a reshen da ya fi ganye. Ɗayar na ɗaure ta a wani ɗan reshe na ƙasa da ganyensa suka kaɗe wajen ɗauko ta. Ƙaya ta soke ni a yatsa, na tsotse jinin na ruga makaranta.

Da na dawo na tarar da Iya a tsaye, ta ja baya da taku uku, tana karanta addu'a tana tofawa.

"Kada ki matsa," ta ce. "Wani ya shigo gidan nan ya yi ƙulli. Shi ya sa ta ƙi kamawa. Je ki kira mini liman."

Da na yi shiru, da an kira liman, da an yi hayaƙi, lemon kuma ya mutu. Na ji muryata ta fito, siririya, kamar ba tawa ba.

"Ni ce, Iya."

"Ke ce me?"

"Ni na ɗaura. Ledarki ce."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Na kama gefen zanenta na jawo ta, abin da ban taɓa yi ba. Na nuna mata ta ƙasan, a bushe. Na nuna mata ta saman. Ruwan bai kai na darbejiyar makaranta ba, amma yana nan, ɗigo-ɗigo a jikin ledar, da ɗan kaɗan a kusurwa. Na kwance zaren a hankali na juye mata a tafin hannu.

"Wa ya zuba wannan?"

"Ita ce. Ta ganye yake fita. Ke kika ce sama take mayarwa, Iya, kuma gaskiya ne, Malam ya nuna mana. Da tana sha tana bayarwa. Yanzu bakin da take sha da shi an yanke, amma ba ta daina bayarwa ba. Ba ta san yadda ake dainawa ba. Na jikinta take bayarwa."

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Iya ta daɗe tana kallon ruwan da ke tafinta. Ta kai shi hanci ta sansana. Sannan ta shafa shi a fuska, kamar mai shafa addu'a, ta zauna a kujerarta.

"Haka waccan yarinyar take," ta ce. "Tana kwance ba ta iya ɗaga kai, tana tambaya ko an ba ki abinci."

Ba ta faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba.

Lemon ya rayu. Ya yi sati uku tsirara kamar tsintsiya, maƙwabta suna yi wa Iya jaje, sannan wata safiya na ga 'yan tsirai kore a jikin rassan, ƙanana kamar kunnen ɓera. Bai yi 'ya'ya ba sai bayan damina biyu, kuma na farkon a kokona aka matse shi. Ya ga aurena, ya ga rasuwar Iya da ta Baba na Lambu, 'ya'yana sun sha shi a lokacin mura. Tsufa ne ya kashe shi, kafin a zo da siminti. Ba wanda ya yi masa laifi.

Amma in na tuna da shi, ba 'ya'yan nake gani ba. Yammacin ranar ledar nan nake gani, inuwar zana ta miƙe, ana jin motocin siminti a kan gada. Iya ta ɗaga hannu za ta tsinki ganye, hannun ya tsaya a sama. Ta sauke. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa. Shekara huɗu tana korar akuya da maƙwabta daga ganyen nan, hannunta ba zai iya ba. Ta ce ko a jira mai lambu zuwa gobe. Na dubi ganyen, na san goben ta yi nisa.

Na ɗauko faifai na ajiye a ƙasa. Na matso da kujerarta kusa da gindin, inda hannunta zai kai.

"Iya," na ce, "akwai ƙaya, ba zan iya ni kaɗai ba. Ki riƙe mini reshen. Ni zan cire, ke kuma ki rinƙa ba ni labarinta."